Kalmomi Biyu Da Na Ƙara A Takardar 'Yar Fari

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina matar aure mai goyon fari a Gwarzo, takardar sakandarena tana ƙasan akwati. Wata ƙungiya mai kula da yara masu tamowa ta zo neman matan da suka iya karatu, maigidana ya amince na shiga. Da safe mu zaga ƙauyukan Durun, da la'asar mu zauna gaban kwamfuta. Kowane yaro yana da takardarsa a rumbun bayanai. Malamin da ke koya mana ya nuna mini yadda zan rubuta umarni da R, yaren kwamfuta na masu ƙididdiga, in ƙara wa takardar kalmomi, ko "lafiya lau" ko "a duba". Da su ma'aikatan jinya ke sanin gidan da za su shiga. Ya kuma nuna mini layi ɗaya da zai rubuta wa yaran gida gaba ɗaya, ya ja kunnena kada in taɓa shi sai na ga kowane yaro da idona.

Wata rana na shiga gidan wasu makiyaya. Matar gidan ta kawo mini nono, ta jero mini ƙananan 'ya'yanta biyu ɓul-ɓul, tana tsokanata wai na fi likita tambaya. Da na tambaye ta labarin babbar 'yarta, sai ta sunkuyar da kai, ta ce waccan tana wajen Inna, tana nan dai. Ni fa na san al'adar, don ko ni ba na kiran sunan ɗana na fari. Na san kunya ba za ta bar uwa ta ce 'yar farinta ba lafiya ba, kaka ake tambaya. Ɗakin Inna kakar kuwa yana ƙetaren garke, taku kaɗan. Amma hadari ya haɗo, direbanmu yana ta hon, goyona yana gida yana jira. Na koma gaban kwamfuta na buga layin nan, yara uku suka zama lafiya lau.

Da na sake zuwa, zaman makokin 'yar farin na tarar. Uwar ba ta zarge ni ba, har ta yi mini sannu da hanya. Ta ce sau biyu motar ma'aikatan ta wuce ƙofarsu, tana tsaye bakin zana tana kallo, ta kasa ɗaga hannu. Inna ce ta gaya mini ƙafafun yarinyar sun kumbura tun kafin zuwana na farko.

Na san rai na Allah ne, amma na bar aikin, kuma har yau ina istigfari. 'Yan'uwa masu shigar da bayanai, kwamfuta ba ta san alkunya ba, abin da kuka ba ta shi take riƙewa, na gaba kuma ya yarda da ita. In uwa ta yi shiru, ku tashi ku je ku gani. Ni na fahimci shirun matar nan sarai, na rubuta abin da ba ta faɗa ba.