Saaka da Tallan Tayyiba

Duk unguwar Sakasaka an san Mba Saaka, wato Baba Saaka, mai ɗinkin kujerar babur, kuma da abu biyu aka san shi: ɗinkinsa ba ya warwarewa, zarginsa ba ya ƙarewa. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya shafa aljihu. In ka wuce ba gaisuwa, ya wuni yana tunanin abin da kake ƙullawa. Ba banza ba. Tun yana saurayi abokin koyon aikinsa ya ɗauki keken ɗinkinsa da sunan aro, har yau ba keke ba aboki. An ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, to shi Saaka ko farin bai yarda da shi ba.

Mutum ɗaya ya taɓa sakankancewa da ita, matarsa Tayyiba, 'yar makiyayan bayan gari. Shi Dagomba, ita Bafulatana, Hausa ce ta haɗa su a bakin rumfarsa wajen cinikin nono. Wata shekara wasu ɗalibai suka bi gari suna naɗar muryoyin masu talla, suka naɗi tata suka sa a wani shafin intanet. Saaka ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya ce sayar da muryar za su yi. Sai da Allah ya karɓi ranta ya gane abin da suka bar masa, don ba ta son hoto, ko ɗaya ba ta bari ba.

Ba wani dogon abu ba ne. Ta ja tallan nono, tana tsaka da ja tari ya sarƙe ta, ta fashe da dariya ta ce, "Ku bari in sake." Shi ke nan. Amma kullum in ya dawo daga sallar asuba, sai ya zauna a tsakar gidansa da ke unguwar Changli ya buɗe shafin, ya ƙure ƙarar waya saboda kunnensa ya yi nauyi. Don wannan kaɗai 'yarsa Mahbuba ta aiko masa da ɗan akwatin intanet daga Kumasi.

Majeed mai gyaran waya, wanda shagonsa ke jikin rumfar Saaka, ya sha roƙonsa ya kawo wayar a sauke masa muryar a ciki, don abin intanet ba shi da tabbas. Saaka ya dube shi sama da ƙasa. Ya miƙa wayarsa ga mutumin da sana'arsa ke nan buɗe wayoyin mutane? Ya ce a bar shi haka. A ransa shafin ya fi kowa amana, tunda babu wanda ya sani da ke riƙe da shi.

Rannan shafin ya fara nawa. Ɗan zoben jiran nan ya yi ta juyawa a fuskar wayar har rana ta fito. Nan take Saaka ya san ɓarawonsa: Hawawu mai koko da ƙosai, wadda katanga ɗaya ta raba su. Ya daɗe da lura da cewa da zarar ya kunna akwatin, sai ya ji ta jawo kujera jikin katangar. Me take nema a can in ba intanet ɗinsa ba? Ya sa Mahbuba ta koya masa ya canja lambar sirri. Bai wadatu ba, ya kai akwatin ƙarƙashin gado ya lulluɓe da bargo don kada ya yoya ta katanga. Abin ya ƙara lalacewa. Sai ya koma kan kamfanin waya, ya ce suna shanye masa data yana barci. Gaisuwar Hawawu kuwa ya daina amsawa.

Da shafin ya buɗe daga baya, ba Tayyiba, ba sauran masu talla, sai hotunan takalma da Turancin da bai gane ba. Dole ta sa ya miƙa wa Majeed wayar, yana tsaye a kansa. Majeed ya daɗe yana bincike, a wayar da kuma kwamfutarsa, sannan ya bayyana masa cewa shafi ma haya ne kamar shago. Ɗaliban sun gama karatu sun watse, ba wanda ya sabunta, an kwashe kayan.

"An kai ina?" in ji Saaka.

"Mba, ba a kai ko'ina ba. Da ka ba ni ran nan..." Bai ƙarasa ba.

Saaka ya so ya ce Majeed ne ya ɓoye, amma maganar ta ƙi zama ko a ransa. Abin da ya fi yi masa ciwo ke nan, ya duba gabas da yamma bai sami wanda zai zarga ba. Tsoro ya kama shi sosai, don in ya rufe ido ya nemi muryar, kalmomin ke zuwa, sautin ba ya zuwa.

Wata safiya yana zaune da wayar a hannu, ba abin kunnawa, sai ya ji tallan nono ta bayan katanga. Muryar ba ta Tayyiba ba ce, ta fi kauri, amma jan iri ɗaya ne. Daidai inda tarin yake aka yi tari. Ya miƙe a fusace, ya tabbata ba'a ake yi masa, ya leƙa ta kan katangar. Hawawu ce a kan kujerarta tana hura wuta, idonta ya yi ja, kuma babu waya a hannunta.

"Mba Saaka, ka yi haƙuri," ta ce. "Kwana biyu ba na jin tallan. Ni da matanka Tayyiba mun yi talla tare. Kullum nan nake zama in ji dariyan shi."

Saaka ya daɗe yana riƙe da katangar. Ya laluba ransa ya ji me take nema a wurinsa, bai sami komai ba.

"Mma Hawawu," ya ce, "sake."