Gishirin Goshin Hadiza

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanwata Hadiza a gidanmu na Daura. Allah ya jiƙanta. Tun tana goye take tari, majina mai kauri ta cushe mata huhu, ciwon da likitoci ke kira sistik faiburosis. Ni ke bubbuga mata baya da safe, in na gama in karanta mata littattafan soyayyar da nake saya a kasuwa. Duk sanda na sumbaci goshinta, gishiri nake ji a leɓena.

Wani likita a Kano ya taɓa yi mana bayani. Ƙwayoyin cuta sun yi gida a cikin majinar, sojojin jiki kuma, wato fararen ƙwayoyin jini, kullum tururuwa suke zuwa wurin. Ba su iya korar cutar, ba su kuma janyewa. Can suke mutuwa su ƙara wa majinar kauri, makamansu na cin huhun da suka zo karewa. A motar dawowa Hadiza ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Yaya, ashe masoyan littattafanki ne a ƙirjina. So ya yi yawa har ya koma ɓarna."

Me za ta ce da ni yau? Na auri ɗan Gwaggo, ƙanwar babanmu, auren da na yi ta mafarkinsa. Ɗanmu Abba bai cika shekara biyu ba, tun damina yake tari, goshinsa kuwa gishiri. Na gane. Gwaggo ta ce sanyi ne, na ce to. Kunya nake ji in ce ciwon gado ne, daga jinina da na mijina, a labarin da na ɗauka ya ƙare da daɗi. Ina rungume shi, ina ƙara masa bargo, ina tsare sunan gida, alhali an ce gano ciwon da wuri yana ƙara wa yaro kwana. Na zama irin sojojin nan.

Hadiza ba ta bar ɗa ba, ba ta bar dukiya ba. Wannan ɗanɗanon ta bar mini, don in gane.

Jiya na miƙa wa Gwaggo yaron, na roƙe ta ta sumbaci goshinsa. Ta sumbata, ta lashi leɓe. Can ta ce, "Hadiza." Sannan ta tambaye ni yaushe motar Kano ke tashi.