Gwaggo Ƙarama da Makullan Oga

Ƙanwar babana, wadda muke kira Gwaggo Ƙarama, tun tana yarinya ba ta barin abu ya zauna lafiya. Ta taɓa kwance rediyon kakanmu, wai tana neman mutumin da ke magana a ciki. Da ta girma ta karanci injiniya, ta samu aiki a wani ɗakin bincike.

Aikinta tsara wata 'yar fata ce ta gilashi, wadda silin gashi ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Akwai sauti mai siranta da kunnen mutum ba ya ji, irin wanda ake duba cikin mai juna biyu da shi. In ya taɓa fatar sai ta yi rawa, hasken da aka haska mata ya yi rawa tare da ita, wani layi ya motsa a allon kwamfuta.

Wata rana ta lura layin yakan yi tsalle haka kawai, jim kaɗan sai Oga, shugaban ɗakin, ya turo ƙofa. Ta sa ido. Ashe tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa ne. In suna gogar juna, fatar kan ji su tun yana kan baranda.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Sai dai ta lumshe ido ta ce wa abokin aikinta, "Dogo, ɓoye wayar nan. Jikina na ba ni Oga na tafe."

Dogo ya fara da dariya, ya koma jin tsoronta. Har ya taɓa jan ta gefe ya tambaye ta ko matarsa namiji za ta haifa.

"Ko namiji ko mace," ta ce, fuska a murtuke. Ya yi godiya.

Ranar da asiri ya tonu, Oga ya manta makullan a mota. Ya shigo ya tarar da Dogo ya miƙe ƙafa kan tebur yana kallon ƙwallo, ita kuma tana tsakar ɗaki tana kwaikwayon tafiyarsa, ciki a gaba.

"Yau jikin naki bai ba ki ba?" Dogo ya raɗa mata.

Dole ta yi bayani. Oga ya fita ya ɗauko makullan daga mota. Can sai ga muryarsa daga ƙarshen baranda, yana kaɗa makullai: "Yanzu fa, tana ji?"

"Tana ji, Oga."

Ya ƙara ja da baya har bakin matakala. Ya dawo yana murmushi, don bai zaci fatar ta kai haka ba, ya manta da faɗan da ya yi niyya.

Dogo ne bai yafe ba. Har yau, ga furfura ta fara fito musu, yakan laɓe a baranda ya kaɗa nasa makullan, layin ya yi tsalle, Gwaggo ta zaci Oga ne, ta yi wuf ta tura kofin shayinta ƙarƙashin tebur, don an hana shan shayi a ɗakin.