Jan ɗigon da ya nuna rugar Inna

Goggona kindirmo take sayarwa a bakin Kasuwar Jalingo, kuma duk madararta daga ruga ɗaya take zuwa, can bayan Kona, wurin wata dattijuwa da muke kira Inna. Tun ina goye suke tare. Matsalar ita ce ruga ba ta zama wuri ɗaya. Ɗan acaɓa zai yi ta bulayi a daji yana neman su, kafin ya dawo madara ta tsinke.

Ni kuwa na gama karatun kwamfuta, kaina na hayaƙi. Na ɗauko taswirar intanet, na ɗauko hasashen ruwan sama daga wani shafi, na haɗa su da inda wayar Inna take nunawa, na ɗinke su manhaja guda. Kai, abin ya yi! Jan ɗigo ya nuna ruga, hanya ta fito, madara ta iso da sanyinta. Har kantuna suka fara yi wa Goggo oda.

Ranar da Inna ta shigo gari, Goggo ta miƙa mata waya da alfahari. "Duba gidanki."

Inna ta daɗe tana kallo. Ta juyo gare ni. "Ɗana, nan shanunmu suke kwana. Wa kuma yake gani?"

Na ce mu kaɗai, akwai lambar sirri.

"Taswirar taka ce?"

Na ce a'a, ta wani kamfani ce a ƙasar waje, hasashen ma na wasu ne, ni haɗawa kawai na yi.

"To su ɗin, ka san su?"

Wallahi haushi ya kama ni. Mutanen da ko maƙwabci ba sa gaya wa makwancin garkensu saboda ɓarayin shanu, ni na kafa shi a allo kamar tallan shago.

Ba ta yi faɗa ba. Ta sha ruwa, ta yi sallama. Kwana kaɗan ɗigon ya daina motsi, madara ta daina zuwa. Na ɗauki Goggo a babur muka bi ɗigon. Muka tarar sun tashi, sai tokar murhu, kashin shanu ya bushe, wayar Inna tana rataye a reshen kirya cikin leda.

Goggo ta zauna a ƙasa. Na ce zan nemo mata wata ruga.

"Madara nake yi wa kuka?" ta ce. "Inna ta tashi, ko sallama ba ta yi mini ba."