Hamman Direba, Wanda Ya San Wa Zai Zauna Kusa da Wa

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin layinmu na Bekaji, kowa gida yake komawa ya ɗan kishingiɗa. Ban da Kawu Hamman. Shi wurin motarsa yake nufa, tsohuwar bas fara da ke kwana a gindin dalbejiya. Ya buɗe gaba ya duba ruwa da mai, ya zagaya tayoyi yana bugunsu da ƙafa. Sannan ya shiga ciki ya bi kujerun fasinja yana zama a kansu ɗaya bayan ɗaya, wai yana so ya riga kowa jin wadda ƙarfenta ya fara fitowa. Daga nan sai shayi, sai tasha. Jimeta zuwa Mubi, Mubi zuwa Jimeta. Tun ba a haife ni ba haka yake yi.

Watan jiya ya ajiye makulli. Ido ya fara yi masa gardama, ya ce ba zai jira sai ya kashe ɗan wani kafin ya yarda ba. Ba a yi walima ba, ba wanda ya yi jawabi. Ban iya dogon zance ba, amma shirun nan ya dame ni.

Shekarar da Mubi ta faɗa hannun masu bindiga, kowace mota Yola ta fuskanto. Tasa ce ke komawa baya ba kowa a ciki, ta dawo maƙil. Goggo Zulaihatu, ƙanwar babana, a cikinta ta iso. Ta ce a ranakun nan ba a tambayar tsoho ko ya shirya, cicciɓarsa ake yi a jefa ciki kamar buhun masara, wani takalmi ɗaya, wata ba mayafi. Ba laifin kowa ba ne, rai ake ceto. Amma abin ya zauna wa Kawu Hamman a zuci. Da ƙura ta lafa aka ji shi yana cewa a tasha, "Na ɗauki mutanen nan suna gudu. Ina so in kai su wani wuri ba abin da ke korarsu."

Wurin da ya samo can yake gindin duwatsu, bayan an bar kwalta ta wajen Fufore. Ruwa ne ke zubowa daga kan dutse ya taru a ƙasa, sanyi ƙalau. Samari kan je su yi hotuna. Ba wanda ya taɓa tunanin kai mai ciwon gwiwa. Shi ya fara kai tsofaffi, duk shekara idan damina ta ɗauke, lokacin da hanya ta bushe amma ruwan bai janye ba.

Kafin ranar yakan je shi kaɗai. Ya gaida Jauron ƙauyen, ya roƙi samari su share hanyar ƙafa, su jera kututturai duk inda ya nuna. Yana nunawa ne bayan ya bi hanyar da sanda, yana jan ƙafa ɗaya da gangan, inda ya ji numfashi ya fara sama sai ya ce a ajiye a nan. A kafa zana biyu nesa da juna, ta maza da ta mata, kowace da buta. Anti Keturah, tsohuwar nas da ke bayan layinmu, takan bi su da abin awon jini, ita ke tuna wa kowa maganinsa. Kunu kala biyu, mai sukari da marar sukari. A ƙofar bas kuma yakan kife wani tsohon turmi da aka rage wa tsawo, ya zama matakala.

Duk wannan mai hankali zai iya tunaninsa. Abin da ban ga wani ya yi ba shi ne yadda yake bi da kunyar manya. Tsofaffinmu ba sa cewa sun gaji. Ba sa cewa fitsari ya matse su. Gara mutum ya suma da ya buɗe baki a gaban surukinsa. Don haka Kawu Hamman ba ya tambaya. Sai dai ka ji ya gangara gefen hanya yana cewa, "Ni dai zan kama ruwa, wanda ya ga dama ya taya ni." Ko ya ce inji ya yi zafi, alhali ko gumi motar ba ta yi ba. Kuma wurin zama shi ke rabawa da kansa. Surukai nesa da juna, don kowa ya iya cin abinci. Wadda ta yi rashi kwanan nan kusa da mai surutu. Yakan kwana biyu yana juya wannan a ransa fiye da yadda yake juya zancen hanya.

Yanzu bari in zo kan kakana.

Ɗanburam ake ce masa, Bafillace ne, daga wani ƙauye ta wajen Madagali. Shi ba a mota ya baro gida ba. A baro aka turo shi, mijin 'yarsa ne ya tura, mata da yara suna kallo. Ya rasa shanu, ya rasa gida, ban taɓa jin ya ambace su ba. Baron nan ne bai wuce masa ba. Ya ce duk wanda zai sake ɗaukarsa, to a makara ne. Bayan 'yan shekaru ɓarin jikinsa na hagu ya taɓu. Likita ya ce ya riƙa takawa, in ba haka ba ƙafar za ta tafi gaba ɗaya. Takawa kuma sai da mai riƙewa. Sai ya zaɓi ɗaki. Ya bar majalisa, ya bar Juma'a, a ƙarshe ko rediyo ya daina kunnawa. Idan na kai masa abinci bango nake tarar yana kallo. Goggo ta ce mutum kan mutu tun ransa bai fita ba. Gaskiya ta faɗa.

Bara Kawu Hamman ya yi sallama a ƙofar ɗakin, ya tsuguna. Goggo na tsakar gida tana ji.

"Baffa, akwai wani ruwa da ke saukowa daga dutse. An ce irinsa ne a bayan garinku."

Can Kaka ya ce, "Wa zai kai ni?"

"Mota."

"Daga mota fa?"

"Ƙafarka."

"Ka san maganata."

"Na sani. Ba mai ɗaukarka, na yi alkawari."

Alkawarin nan da nauyi, don ƙarshen hanyar gangare ne, duwatsun kuma da santsi. Kawu Hamman ya fi kowa sani. Daga gidanmu kasuwa ya wuce, rumfar Ba Kyari mai huluna, wani dattijo Babarbare da gudun hijira ya kawo daga Bama, mai ƙarfin jiki da ƙarfin baki. Kowa a nan ya san tsakanin Fulani da Barebari wasa ne tun kakanni. Babarbare zai kira Bafillace bawansa a tsakiyar kasuwa, ya fizge masa hula, ba fushi, ba jin kunya. Ba Kyari da kansa ya gaya mini abin da aka ce masa: "Akwai wani bawanka da ya ɓuya a ɗaki. Ka zo mu fito da shi. Amma kada ka tausaya masa ko kaɗan, tausayi ne ke kashe shi."

Ni ban je ba, Kawu Hamman ba ya ɗaukar matasa, ya ce idonmu yana sa tsoho sauri. Abin da ya biyo baya daga bakin Goggo da Anti Keturah na ji.

Kaka ya hau turmi da kansa, ya daɗe kafin ya shiga, kowa ya yi kamar yana neman wani abu a jaka. Yana zama ya ga wanda ke gefensa.

"Wushe, wushe," in ji Ba Kyari, da gaisuwar Barebari. "Hamman, ina ka tsinto mini wannan? Na daɗe ina cigiyarsa."

Kaka ya kalli tsagen fuskarsa sama da ƙasa. "Direba, ba ka ce mini da kaya za mu zauna ba."

Goggo ta ce rabon da ta ji muryarsa da ƙarfi haka har ta manta. Ba su yi shiru ba har aka bar kwalta.

A hanyar ƙafa an tafi a hankali. Duk kututturen da aka iso, Kawu Hamman ne ke fara zama yana kukan bayansa, sai kowa ya zauna don taya shi. Kaka na jan ƙafa, sanda na gaba, bai fasa ba. Har aka fara jin rugugin ruwan, iska mai laima ta fara taɓa fuska. Sai ga gangaren.

Ya tsaya. Ya sa sanda, ta zame. Ya sake sawa. Ta sake zamewa.

"Ku je," ya ce. "Na ji ƙararsa, ya ishe ni."

Goggo ta yunƙura, Kawu Hamman ya hana ta da ido. Sai wani saurayi ɗan ƙauyen, da kyakkyawar niyya, ya durƙusa a gabansa ya ba shi baya. "Baba, hau in goya ka."

Anti Keturah ta ce a nan ta ce a ranta shi ke nan, an gama. Fuskar Kaka ta canza. Ya juya ya fuskanci inda aka bar mota. Da ya koma cikinta a haka, na san ɗakin nan ba zai ƙara fitowa ba.

Ba Kyari ya ɗaga murya har ta danne ta ruwa. "Jama'a ku shaida! Bawana zai gudu! Ya ji ƙamshin daji zai bi shanun mutane!" Ya cusa hannu ƙarƙashin hammatar Kaka ta hagu ya damƙe.

"Sake ni, Babarbare."

"In sake ka in ce wa kakannina me? Gado suka bar mini kai."

"Ƙarya kake. Tsoro kake ji. Ku a ƙasarku ko suri babu, ka ga dutse gwiwarka na kaɗawa."

"To in kai jarumi ne riƙe ni mana."

Kaka ya gyara riƙon sandarsa.

"Zan riƙe ka," ya ce, "kada ka faɗi a ce Bafillace ya bar bawansa ya karye."

Haka suka gangara, kafaɗa da kafaɗa, suna zagin juna, kowa na cewa shi ke riƙe da ɗan'uwansa. Kawu Hamman yana bayansu dab, hannuwa a buɗe, bai taɓa ko rigar Kaka ba. Goggo ta ce da suka isa ƙasa rigar Kawu ta jiƙe sharkaf, kuma ba feshin ruwa ba ne.

Kaka ya zauna a kan wani falalen dutse ya tsoma ƙafar mai ciwo. Ya yi alwala. Ya daɗe yana kallon sama inda ruwan ke ɓallowa. Can ya juyo ya ce wa Goggo, "Namu ya fi wannan tsawo." Aka fashe da dariya, ita tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Ranar ya ci abinci a gaban mutane.

Ba zan ce ya warke ba. Ƙafar na nan yadda take. Amma duk Juma'a keke na tsayawa a ƙofar gidanmu, ka ji ana ihu, "Ina bawan nan? Ko sai na shigo da igiya?" Kaka ya yi tsaki, ya ce Allah ya raba shi da jarabar Barebari, ya sa hula ya fita.

Kawu Hamman, kai ne direban marasa sauri. Kai ne ka gane cewa kai tsoho wuri daban, kai shi da mutuncinsa daban. Mu a gida muna ƙaunarsa, amma duk hannun da muka miƙa masa sai ya ga baro. Ka zauna ka yi tunanin hannun da zai iya karɓa, ka je kasuwa ka nemo shi. Ba a koyar da wannan a makarantar tuƙi. An ce duk zuwan da kake yi ba ka taɓa tsayawa ka kalli ruwan ba, baya kake ba shi kana duban fuskokin mutanenka. Allah ya haskaka maka idon da ya rage, ya ba ka wanda zai bi da kai yadda ka bi da iyayen mutane. Useko, Kawu. Mun gode.

Damina ta kusa ɗaukewa. Danny, wani direba ɗan Sangere, ya ce zai karɓi tuƙin bana, har ya bi Kawu sun je sun taka hanyar tare, shi ma da sanda. Kawu zai zauna a gaba. Rabon kujeru dai ya ce ba zai bar wa kowa ba tukuna.

Sauran mu kuma, ba sai muna da bas ba. Kusan kowane gida a Jimeta akwai ɗaki na can ciki, akwai wanda ke zaune a cikinsa tun shekarun gudu. Ku leƙa. Kada ku ce masa "in taimaka maka?", zai ce a'a. Ku binciki abin da yake kewa, da wanda zai iya zaginsa ya yi dariya, ku haɗa su, sannan ku tafi da irin saurinsa.

Jiya da la'asar Kaka ya kira ni. Ya ce in je in tambayi Hamman ranar tafiya. Ya ce ba don kansa ba. Wai Babarbaren nan ba zai iya sauka shi kaɗai ba.