Koren Shayin Ɗantsoho Direba

Wai an ce Ɗantsoho direba ya sha koren shayi har fatarsa ta koma koriya shar kamar ganyen wake, ranar Alhamis ya shiga kasuwar Maigatari, awaki arba'in suka tsinke igiya suka bi shi a guje, sai da ya ɗare bayan motar shanu ya tsira. A tashar Gumel har an ƙara da cewa likitoci sun zo daga Kano ɗaukar hotonsa. To, ƙarya ce. Mutumin yana nan baƙi wuluk kamar gindin tukunya, yadda uwarsa ta haife shi. Akuyar kuma ɗaya ce tak, gurguwa, ita ma ƙunshin dambu ta shinshino a aljihunsa. Sai dai abin da ya faru da gaske ya fi ƙaryar ban kunya.

Shekara ashirin da bakwai Ɗantsoho ya yi yana jigilar mutane tsakanin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, amma ka tambaye shi kilomita nawa ne tsakaninsu, sai ya zuba maka ido kamar ka yi masa Faransanci. Shi da tukunya yake auna hanya. Safiyarsa tana farawa ne a bayan tashar Gumel, wurin Hassana mai waina, wadda take zuba miyar taushe ba ta kallon ludayi. Kafin wainar ta sauka ya isa Ɗanzomo, inda Jannatu take turara dambun gero da zogale da ƙuli, ta kwarara mai har ya biyo gwiwar hannu. A Gagarawa akwai wata rumfa ta kara, ba allo ba suna, tuwon dawa miyar kuka da man shanu, wanda in ka ci sai ka yafe wa maƙiyanka. A Maigatari kuwa Lado mai balangu yana hango motarsa zai ture tozon raƙumi gefe, ya yanka masa dogon burodin Nijar, ya ce, "Rabon mai gida ne, kada wanda ya taɓa."

Gaskiya dai ya san abinci, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Ban da shi kuwa bai san komai ba. Cikinsa ya riga shi shiga ko'ina. Sitiyari ya goge masa gaban riga har ta yi ƙyalli, kujerar motar an tura ta baya har ta daina turuwa. Fasinja da yawa don cin nan suke shiga motarsa, wanda kuma yake sauri ya riga ya san ya nemi wata.

Ana haka wata ranar Asabar da hantsi, bayan ya tashi da malmala huɗu a Gagarawa, jiri ya ɗebe shi a kan sitiyari. Motar ta bar kwalta a hankali, ta shiga gonar geron wani bawan Allah ta tsaya. Ba wanda ya ji ciwo sai geron. Aka kwaso shi aka kai gida, aka kira 'yarsa Ummulkhair, ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti, yarinyar da ba ta gaji komai nasa ba sai taurin kai. Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta huda masa yatsa ta ɗiga jini a na'ura, ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, jininka ya hau, suga ma ya hau. Yau gona ka shiga, gobe gidan mutane ne."

"Ke likita, rana ce ta buge ni."

"Ranar ce ta ci tuwo huɗu? Ga magani, ka huta kwana uku. Na ba ka wata ɗaya. In na sake awo ban ga sauƙi ba, wallahi ni da Inna za mu karɓe mukullin motar nan. Ka rage maiƙo, ka rage tuwo, ka riƙa tafiya da ƙafa. Shayin madarar nan mai kauri ka bar shi, in dole sai ka sha wani abu, ka sha koren shayi, yana ɗan taimakawa."

Mukullin nan shi ne duniyar Ɗantsoho. Ko wanka zai shiga sai ya rataye shi inda zai riƙa hango shi. Saboda haka ya saurari 'yarsa da kyau, ya zubar da maganar maiƙo da tuwo da tafiya a ƙasa, ya riƙe kalma biyu: koren shayi. Har ya ji tausayinta a ransa. Yarinya ta yi shekaru a makaranta don ta koyo abin da shi ya sani tun tana goye! Ai Buzayen da suke kawo raƙuma Maigatari shi suke sha, ataya ke nan, kuma wa ya taɓa ganin Buzu da tumbi?

Alhamis na zagayowa ya sayi 'yar shuɗiyar buta, da finjali uku, da ƙaramin kurfoti na waya, da kwalin ganyen shayi mai rubutun Sin. Ya tsuguna gaban wani dattijon Buzu ya koyi aikin tiryan-tiryan. A cika buta da ganye, a bar shi ya tafasa har ya yi baƙi, a zuba sikari cikin finjali fal, a ɗaga buta sama a kwararo, a mayar, a kwararo, sai kumfa ta tashi. Zagaye uku ake yi, kowane ya fi na gabansa zaƙi. Abin da Ɗantsoho bai lura da shi ba, Buzun da ƙafa ya biyo raƙumansa kwana da kwanaki, kuma tun safe ba abin da ya ci sai dabino biyu.

Daga ranar Ɗantsoho ya zama malamin kiwon lafiya na hanyar Gumel. Mutumin da bai iya karanta lambar motarsa ba sai ya matsa kusa, shi ne yake juyowa yana yi wa fasinja bayani.

"Wannan ganyen da kuke gani, narkar da kitse yake yi kamar man shanu a rana. Yana wanke jini, yana buɗe ido, yana gyara zuciya. 'Yata ce ta rubuta mini, likita ce."

Tunda kuwa an samu mai narkar da kitse, ai zunubi ne a bar shi ba aiki. Wainar Hassana ta tashi daga shida ta koma goma. Jannatu ta sauya masa kwano da babba. Lado ya fara ajiye tozo biyu. A kowace tsayawa sai an sauke kurfoti an hura gawayi, fasinja suna zaune a inuwa suna kallon direbansu yana ɗaga buta sama kamar mai kiran ruwa. Sau huɗu a wuni, zagaye uku-uku. Matarsa Mairo ta rasa inda sikarin gidan yake shiga, har ta fara zargin ɓeraye da maƙwabta.

Mannir, taubashinsa, wani siririn direba da ba shi da motar kansa, kullum yana kan benci a tasha yana jiran wanda zai ba shi tuƙin wuni, shi ne ya fara cewa, "Ɗantsoho, wannan maganin naka kuwa ba kumbura mutum yake yi ba? Jiya da maɓalli huɗu a rigarka na gan ka, yau saura biyu."

"Kitsen ne yake tasowa sama kafin ya fita, jahili."

Wata ya cika. Ummulkhair ta zo da jakarta da safe, Ɗantsoho ya miƙa hannu yana murmushi irin na wanda ya riga ya ga sakamako. Ta auna. Ta girgiza na'urar, ta sake batir, ta kuma aunawa.

"Baba, me ka yi wa kanka?"

"Abin da kika ce. Ban tsallake ko rana ɗaya ba."

"Haɗa mini in gani."

Ya tashi da fara'a ya hura wuta a tsakar gida, ya zuba ganye, ya kawo finjalin sikari na farko ya juye. Da ya ɗauko na biyu Mairo ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe kai ne ɓeran!" Ummulkhair kuwa zama ta yi a kan turmi.

"Baba, ganye kaɗan ake sawa a ruwan zafi, a bar shi minti uku, a sha haka nan. Ba sikari ko ƙwaya. Kuma ba magani ba ne, ɗan taimako ne ga wanda ya kame bakinsa."

"Ba sikari? Haba likita, ai ko Buzu ba ya yi wa kansa wannan muguntar."

Ta miƙa tafin hannu. Ya dube ta, ya dubi Mairo, bai ga wurin gudu ba. Ya ciro mukullin daga aljihu a hankali kamar ana zare masa haƙori. Aka yanke sai awo ya yi kyau zai sake taɓa sitiyari, kafin nan kuma, don gida ya ci abinci, Mannir ne zai ja motar.

Yanzu in ka je tashar Gumel za ka ga Ɗantsoho a kujerar gaba, gefen direba, don ya rantse ba zai bar motarsa ita kaɗai da wannan mutumin ba. A cinyarsa akwai filas na koren shayi tsura, yana kurɓa yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Ran nan suna wuce rumfar Jannatu a Ɗanzomo, ƙamshin dambu ya cika motar, Mannir ya rage gudu da gangan, ya juya ga fasinja.

"Jama'a, ku gaida babban likitan Gumel, wanda ya yi maganin suga da buhun sikari! Ranka ya daɗe, a tsaya a hura maka gawayi?"

Mota ta kwashe da dariya. Ɗantsoho ya kurɓi shayinsa, ya rufe filas, ya dubi Mannir tun daga siririn wuyansa har ƙashin gwiwarsa.

"Ka kwantar da hankalinka, Mannir. Wannan ciwon na waɗanda suka ci suka ƙoshi ne, kai har ka mutu ba zai san ƙofar gidanku ba. Kama sitiyari da kyau, motar mutane ce."