Ƙafa Bakwai da Na Lanƙwasa

Motar da ta kashe ɗana ta kife ne daf da Tsafe, yana dawowa daga Kano da kayan kwamfuta. Ba a daɗe da ba mu jiha ba, kowane ofis a Gusau bugaggiyar takarda yake so. Niyyarsa ya haɗa na'urar a zaurenmu, matarsa ta riƙa bugawa, don ta koyi tafireta tun kafin aure. Aka kawo mana shi a lulluɓe, aka kawo kwali huɗu ko ƙwarzane babu. Na tura su ƙarƙashin gado. Ban yi kuka ba. Mutane suka yi ta cewa Malam akwai tawakkali, ni kuwa na san ba na jin komai ne, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Da matar ta fita takaba, mahaifinta ya zo daga Furfuri ya ce zai tafi da ita da jaririyar da marigayin ya bari.

Ya ce, "Zama babu sana'a, Malam, ai gara gida."

Sai na ji bakina ya ce, "Akwai sana'a. Kwamfuta ce."

"Wa zai haɗa ta?"

"Ni."

Ya dube ni. Ya san daga aji biyu na tsere wa boko, ya kuma san rabin gyaran rediyon da na shekara talatin ina yi mari ne. Ya ce zai dawo Juma'a ta sama. In ya tarar ɗiyarsa na bugu, ya bar ta.

Da hantsi na baje kayan a tabarma a tsakar gida. Na taɓa ganin marigayin yana haɗa wa wani, na riƙe abu biyu: a taɓa ƙarfe kafin a taɓa kayan, don akwai wuta a jikin mutum, sannan ƙwaƙwalwar na'urar, wadda yake kira furosesa, a gefe ake riƙe ta kamar waina mai zafi. Na yi ta shafa ƙyauren ƙarfe har tsohuwa, wato matata, ta ce ko bankwana nake da shi.

Ƙwaƙwalwar ba ta fi akwatin ashana ba, ƙasanta cike da ƙananan ƙafafu masu ruwan zinariya, kowace da raminta a jikin babban allon na'urar. Na ɗora ta, ta ƙi shiga. Surukata tana bayan labulen ɗakinta. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa duban fuskata ba, maganarmu gaisuwa ce, ita ma a durƙushe. Na ji ta yi tari. Ta sake tari, har kwano ya faɗi. Na ce a raina yarinyar nan mura ke damunta, na sa babban yatsa na danna yadda nake rufe bayan rediyo. Wani abu ya ba da kai a ƙasa.

Na ɗago ƙwaƙwalwar na juya ta. Ƙafa bakwai sun kwanta kamar geron da iska ta bi ta kai. Na zauna ina kallonsu har inuwa ta bar ni.

Tsohuwar ta shiga ɗakin surukata, ta fito da saƙo.

"Ta ce ba wai ka yi kuskure ba. Marigayi dai kusurwar da aka datse yake dubawa, ya daidaita ta da ta allon."

"Tun ɗazu ta gani?"

"Ta gani."

"To mi ya hana ta magana?"

"Ta ce wa surukinta ya juya abu? A wane gari? Tari biyu ta yi maka, har da kwano. Kai ne kunnenka ya riga ka tsufa."

A kan faifai aka kai mata ƙwaƙwalwar da allon. Da allurar ɗinkin hula ta riƙa tada ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu, don in ɗaya ta karye shi ke nan. Tsohuwar ta ce da ta gama, ɗorawa kawai ta yi, abin ya faɗa da kansa, ta rufe 'yar sakatar da ke gefe.

Wayoyin aka bar mini, don kar a ce ban yi komai ba. Na tattara su na ɗaure da kaba, tamau, yadda nake ɗaure dawa a gona. Saƙo ya fito daga bayan labule: wai ɗaurin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba dami ba ne, a sassauta, kuma kada ko ɗaya ta taɓa fankar cikin na'urar, wayar nan mai jan layi kuma jan ya dubi inda aka rubuta ɗaya. Na kwance na sake. Lamba ɗaya dai na iya karanta ta.

Ran Juma'a mahaifinta ya zo, babu wuta. Muka zauna a zaure muna shan fura muna maganar taki. Bayan la'asar aka kawo. Na danna maɓallin kunnawa, wannan karon a hankali. Fanka ta juya, na'urar ta yi ɗan kuka sau ɗaya, rubutu ya cika gilashi. Ashe marigayin ya sa an zuba mata komai tun a Kano. Surukata ta zauna ta ba mu baya, yatsunta suka fara.

Mahaifinta ya daɗe a tsaye yana kallonta. Daga nan ya nemi takalmansa.

"A bar ta ta ga damina tukuna," in ji shi. Ya hau babur shi kaɗai.

Tsohuwar tana ta hamdala. Jaririyar ta rarrafo ta kama waya, na ɗauke ta na mayar tsakar gida. Na dawo in kwashe kwalayen, sai na ga rubutun hannunsa a jikin ɗaya. Ban iya karantawa ba, ban kuma tambayi kowa ba. Na mayar da shi ƙarƙashin gado.